Muryar Baba a Shagon Mai Turi

Babana malamin gona ne. Tun Jigawa tana cikin Kano yake wannan aiki, da aka yanke jihar kuma aka bar shi a nan Birnin Kudu, ya ci gaba da zaga ƙauyuka a kan wani tsohon babur da muke jin kukansa tun kafin ya shigo unguwa. Mutum ne mai magana. In ya fara bayanin taki, to ka nemi wurin zama. Mu 'ya'yansa mun sha wannan wahala, don ko tuwo aka kawo sai ya gaya mana dawar wane gari ce, da kuskuren da wanda ya noma ta ya yi.

Bayan ya yi ritaya da 'yan shekaru ido ya fara ba shi matsala. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an zo a makare. A hankali gani ya tafi, har ya zamana haske da duhu kaɗai yake bambancewa. Wallahi makantar ba ta tsorata ni kamar shirun da ya biyo bayanta ba. Mutumin da ba a iya tsayar da bakinsa ya koma wuni a ɗaki, fuska ga bango. Ya daina zama a ƙofar gida, wai ba ya son a riƙa gaishe shi da muryar tausayi. Abinci kuwa, Inna ta kai, ta koma ta ɗauko shi kusan yadda ta ajiye.

Ni ce babbar 'yarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana Uwata. Ina koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata, gidan aurena kuma ba shi da nisa da gidanmu. Na gado bakinsa, na gado zafin ransa, wannan kowa ya shaida a kaina, har maigidana.

Wata Asabar na shiga gaishe shi, na rasa abin da zan ce, sai na yi ƙorafin waken da na ajiye ƙwari sun cinye mini. Ban yi zaton zai tanka ba. Sai na ji ya ce, "A me kika zuba shi?" Na ce a buhu. Ya ce, "Kin shanya shi ya bushe sosai kafin ki zuba?" Na ce ban sani ba, haka na saya. Ai kuwa sai ya juyo. Ya wanke ni tas, ya ce 'yar malamin gona guda ta bar ƙwari sun ci mata wake, abin kunya ne a gare shi ba a gare ni ba. Daga nan ya ɗauko bayanin ajiyar wake tun daga gona har rumbu. Inna ta leƙo daga bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta kalle ni, na kalle ta, babu wadda ta yi motsi don kada ya tsaya.

A hanyar komawa gida tunanin ya zo mini. Na buɗe ɗan ƙaramin shafi a intanet, irin na kyauta, na ce zan riƙa ɗaukar muryarsa a waya duk Asabar da hantsi ina ɗorawa. Da farko ya ƙi. Ya ce wa zai zauna yana sauraron makaho? Na ce Baba ba fuskarka za a gani ba, murya ce. Ya ce to ya yarda, amma kada a sa sunansa, kada a sa lambar kowa, ba ya son bara a fakaice. Haka muka yi. Na tura adireshin shafin ga malaman makarantu da tsofaffin abokan aikinsa, su kuma suka tura gaba. Samarin ƙauye masu manyan wayoyi suka fara sa data suna kunna wa iyayensu.

Akwai wata manhajar ƙididdiga da ake maƙala wa shafi, tana ƙirga masu shigowa, ta zana maka layi: in an ƙaru layin ya hau, in an ragu ya sauka. Abokiyar aikina ce ta koya mini sa ta, malamar lissafi, Kirista ce 'yar Filato da ta daɗe a garin nan har Hausarta ta fi ta wasu. Da na yi wa Baba bayani sai abin ya burge shi. Ya ce ashe kamar taron manoma ne, ana ƙirga kai. Tun da ba ya gani, sai muka yi wata dabara. In mun gama ɗaukar magana sai ya buɗe tafin hannunsa, ni kuma in sa yatsa in zana masa yadda layin ya tafi a wannan mako. Yatsana yana hawa wajen 'yan yatsunsa, shi kuma yana gyara zama.

Abu ɗaya ne ya riƙa ba shi dariya. Manhajar tana nuna garin da masu saurare suke, kuma kullum sai ta ce yawancinsu 'yan Legas ne. Ya ce, "Ikon Allah! Me 'yan Legas za su yi da maganar gero? A kan gada za su shuka?" Abokiyar aikina ta ce kamfanonin waya ne ke bi da layinsu ta can, mutum yana Wurno sai a rubuta Legas. Na gaya masa. Ya ce shi dai a bar masa 'yan Legas ɗinsa.

Baba ya dawo mana. Ya fara kiran wanzami da kansa. Tun ranar Alhamis yake shirya abin da zai faɗa, yana yi wa Inna gwaji tana tankaɗe, wai ta tsayar da shi in ya faɗi abin da ba a gane ba. Ranar Asabar kuwa sai ya sa babbar riga da hula kafin in iso. Inna ta ce, "Malam, an ce maka fa ba a ganinka." Ya ce, "Ni na san ina sanye da ita." Ya yi maganar ƙuduji, ciyawar nan mai kashe gero da dawa, ya yi ta takin gargajiya, ya yi ta yadda ake gane iri mai kyau da hannu, ya yi ta masu sayar da maganin feshi na jabu har sai da na ce Baba a rage zagin. Wani lokacin magana takan yi masa yawa, sai in raba ta biyu in ajiye rabi don gaba.

Sai ga wata bazara, ana ta sharar gona, lokacin da na tabbata za a fi neman maganarsa, na buɗe manhajar na ga layin ya faɗo. Ba saukowa ya yi a hankali ba, gangarowa ya yi kamar wanda ya zame daga kan katanga. Na ɗauka idona ne. Na rufe na sake buɗewa, na canza kwanakin da nake dubawa, na shiga shafin da wayar maigidana don in ga ko zai ƙirga shi, ya kuwa ƙirga. Na kai wa abokiyar aikina kwamfutar, ta bincika ta ce komai yana nan daidai, ba abin da ya lalace. Amma ta nuna mini wani abu. 'Yan tsirarun da suka rage, ba sa zama su saurara. Da na ɗora sabuwar magana ba a daɗewa sai su shigo, su sauke ta gaba ɗaya, su fita. Ta ce mai yiwuwa injina ne, irin waɗanda ke yawo a intanet suna kwasar abin mutane. Na ce wato mutane sun gudu, ɓarayi kaɗai suka rage mini. Ta ce ita ba ta ce haka ba. Na ce ni na ce.

Asabar ta farko na ce wa Baba sabis ba shi da kyau, ban iya dubawa ba. Ta biyu muna gamawa ya lalubo hannuna ya riƙe, ya buɗe nasa tafin ya ɗora yatsana a kai. Na zana masa. Yatsana ya taso daga sama ya gangaro har wuyan hannunsa. Ya daɗe bai rufe hannun ba.

Ya ce, "Ko na faɗi wani abin da ya ɓata musu rai ne?"

Na ce, "A'a Baba, babu."

Ya ce, "To sun ƙoshi ke nan. Ba laifi. Da ma ni ne ban san lokacin yin shiru ba. Ki daina wahalar da kanki, Uwata, kina da yara."

Asabar da ta biyo baya na tarar babu riga babu hula, yana kwance fuska ga bango. Na zauna na yi ta jan sa da hira, na kawo maganar wake, na kawo ta gyaɗa, har na faɗi abin da na san kuskure ne da gangan ko zai gyara mini. Ya ce, "Haka ne." Baba fa, ya ce mini haka ne.

Da na fito Inna ta tare ni a madafa. Ta ce, "Ke da duk bokon naki, yatsa ne ba ki iya ɗagawa sama ba? Wa zai kama ki? Shi yana gani ne?" Na ce Inna ya san hannuna, da na yi masa ƙarya sai ya ji. Ta ce ya ji mana, ai da ya ji ƙarya da yanzu yana cin abinci. Na mayar mata da magana da zafi, abin da ban saba ba, ta juya mini baya ta ci gaba da tuƙi. Na tafi gida ina kuka ina zagin mutanen da ban taɓa gani ba. Butulai, na ce, tsoho ya ba ku abin da ya tara shekara da shekaru, kun juya masa ƙeya. Ragowar maganganun da na ajiye na ci gaba da ɗora su ɗaya bayan ɗaya, ba don komai ba sai don hannuna ya saba. Ɓarayina suka ci gaba da zuwa suna saukewa. Da suka ƙare na bar shafin haka nan, ban ƙara leƙawa ba.

Damina ta zauna sosai. Baba yana ramewa, muna kallo. Ko ruwa aka yi ba ya tambayar ko ya jiƙa ƙasa, shi da a da tun hadari bai haɗu ba yake fita tsakar gida yana shinshina iska.

Ana cikin haka wata tsohuwar ɗalibata da ta yi aure a Dingaya, can ƙasar Gwaram, ta haihu, ta aiko lallai in je suna. Ba na jin zuwa ko'ina, maigidana ne ya matsa, ya ce shi zai kai ni in sha iska. Hanya duk caɓi, muka isa bayan azahar. Ya tsaya wajen maza, ni na shiga cikin mata. Ina zaune a kan tabarma an kawo mini fura, ana ta hayaniyar barka, sai na ji wata murya daga bayan zana tana cewa, "Kada ka bari ya yi fure, in ya yi fure ka riga ka makara, ka tuge shi ka ƙone." Ludayin ya tsaya mini a hannu. Har tarin da yake yi kafin ya ce "to jama'a" na ji. Na ce a raina shi ke nan, damuwa ta taɓa mini kai.

Na taɓa wata dattijuwa da ke kusa da ni na ce, "Iya, muryar wa nake ji?"

Ta ce, "Af, tsohon nan ne malamin gona. Yana cikin 'yar rediyon maigidan nan, mai cin memori. Ya hana mu sakat. Nawa mijin ma ba ya cin tuwon rana sai da shi a gefe, in na yi magana ya ce in yi shiru malam na bayani." Sai ta sassauta murya ta ce, "Allah dai ya ji ƙansa. An ce ya rasu, shi ya sa sabuwa ta daina zuwa. Tsofaffin suke ta maimaitawa."

Na ce, "Wa ya rasu? Wa ya ce ya rasu? Babana ne, yana nan da ransa a Birnin Kudu!"

Na faɗa da ƙarfi har mai jego ta leƙo. Mata suka yi caa a kaina. Wata ta ce haba Malama, ai an ce a Kano yake, a gidan rediyo. Wata ta ce in da gaske nake in yi irin tarinsa. Na yi, aka kwashe da dariya, dattijuwar ta riƙe hannuna tana ta hamdala kamar ɗan'uwanta ne ya dawo. Na tambayi inda suke samun maganar. Suka ce wajen mai turi, a bakin tashar Gwaram. Masu turi su ne waɗanda kake kai wa memorin wayarka su zuba maka fim ko waƙa ko wa'azi daga kwamfutarsu, ka biya ka tafi, ba ruwanka da data.

Nan take murnar ta juye mini ta koma fushi. Wato ga ɓarawona. Shi ne yake shigowa ya sauke ya fita, ya je yana sayar da muryar ubana, ni kuma ina can ina zana wa tsoho faɗuwa a hannu. Ko furar ban gama ba na yi sallama. Na ce wa maigidana Gwaram za mu. Ya kalli fuskata ya ce, "Don Allah a yi a hankali." Na ce tuƙi shi ne naka.

Shagon ɗan ƙarami ne, rumfar kwano, teburi cike da wayoyi ana caji, janareta na kuka a baya. Mai shagon magidanci ne, furfura ta fara fito masa a gemu, yana zaune gaban kwamfuta. Ban tsaya dogon gaisuwa ba. Na ce, "Malam, kai ne kake sayar da muryar malamin gona?"

Ya ce, "Hajiya, sai haƙuri, babu sabuwa. Kowa ita yake tambaya, har na gaji da amsawa."

Na ce, "Ba saye na zo ba. Ubana ne. Wa ya ba ka izini?"

Ya miƙe tsaye har kujerar ta faɗi. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Yana da rai?" Na ce yana da rai. Ya ce alhamdu lillahi ya fi sau nawa, sannan ya ɗaga kujerar ya goge ta da hannun riga ya ce in zauna. Na ce a tsaye ma ina ji.

Ya ce wani malamin makaranta ne ya nuna masa shafin. Ya saurara ya ji daɗi, ya nemi suna ko lamba a kai don ya nemi izini bai samu ba. Shi kayansa daga Kano 'yan'uwansa suke aiko masa, fina-finai da wa'azi, wannan kuwa ya ga ba na sayarwa ba ne. Sai ya riƙa saka ta a gyara.

Na ce, "A me?"

Ya ce, "Gyara, Hajiya. Mai gyaɗa tana gyara, mai nama yana gyara. Ni ma in mutum ya yi turi sai in ɗora masa maganar Malam ɗaya a kai, kyauta."

Na ce, "Muryar ubana ce gyara? Kamar ƙuli-ƙuli?"

Ya ce, "Da farko ke nan. Yanzu wallahi ita ake zuwa nema. Tsoho zai turo memori daga ƙauye ya ce a zuba masa Malam, in wuri ya rage a gyara masa da fim don yara."

Maigidana ya juya baya yana kallon titi, na san dariya yake ɓoyewa. Mai turin ya ci gaba. Ya ce masu ƙananan wayoyi da 'yan rediyo sun fi masu manyan wayoyi yawa nesa ba kusa ba, kuma a da ba su da hanyar ji sai ɗan wani ya ga dama ya kunna. Da abin ya karɓu, abokan sana'arsa na Kangire da Wurno suka fara karɓa a wajensa, wasu kuma suka koyi saukewa da kansu. Su kuwa samarin da suke shiga shafin a da, ya ce wa zai ƙona data ya hau tudu neman sabis a kan abin da ke cikin memorin babansa? A nan na gane. Duk shigowa ɗaya da na kira ta ɓarawo, kunnuwan da ke bayanta Allah kaɗai ya san yawansu, manhajata kuwa ba ta da idon ganin memori.

Ya ce in raina bai so ba, yanzu a gabana zai goge duka. Na ce, "Ka goge ka gani!" Shi ma sai da ya yi dariya. Sannan na zauna a kujerar. Na gaya masa halin da Baba yake ciki, ban ɓoye komai ba. Na ce matsalata ɗaya, in na je na faɗa masa ba zai yarda ba, zai ce lallashinsa nake yi. Mai turin ya ce to ai ga mutanen nan, su faɗa masa da bakinsu. Ya leƙa waje ya ɗaga murya ya ce 'yar Malam ce ta zo, Malam yana da rai. Kafin in ankara rumfar ta cika. Na kunna wayata suna karɓa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya yi godiya, wancan ya yi addu'a, wani direba ya ce shi ba ya noma amma da ita yake hana kansa barci a hanya.

Can sai wani siriri ya jingine keke ya kutso, ya ce shi ƙorafi ne da shi. Mai turin ya ce haba, mutum ba shi da lafiya, ba yau ba. Ya ce shi dai sai ya faɗa. Na gaji, na miƙa masa wayar, a raina na ce in mun isa gida zan goge nasa.

Washegari da hantsi na shiga ɗakin Baba. Na ba shi labari tun daga suna har shago. Yana kwance bai juyo ba. Na kunna masa muryoyin. Ya ji na farko, ya ji na biyu, ya ji direban. Sai ya ce, "Uwata, goro nawa kika raba musu?" Na ce Baba wallahi ban ba kowa komai ba. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Kin yi ƙoƙari." Da muryar da ake sallamar baƙo ya faɗa. Idona ya cika, na tsaya share hawaye, ban lura wayar ta wuce zuwa ta gaba ba. Na manta ban goge ba.

Muryar siririn nan ta cika ɗakin. "Malam, ni daga Dingaya nake. Kai ka ce kada a yi binne, a jira ƙasa ta sha ruwa kafin a shuka. Na bi maganarka. Maƙwabcina bai bi ba, ya binne irinsa tun ƙasa na bushe. Yau geronsa ya kai ƙugu, nawa ko gwiwa bai kai ba. Matata dariya take yi mini. In da gaske kana da rai, ka ba ni amsa."

Na kai hannu zan kashe, sai na ji gado ya yi ƙara.

"Wane ne wannan?" Baba ya tashi zaune. "Yaushe na ce kada a yi binne? Cewa na yi binne caca ne! In ruwan farko ya yi yayyafi ya ɗauke, iri ya tsiro ya ƙone, wa zai biya shi? Bana ne Allah ya sa ruwan ya zarce. Sake kunnawa in ji." Na sake. Ya ce, "Ji mutum! Rabin magana ya ji ya tafi. Gonar tasa tudu ce ko gangare? Yashi ce ko laka?"

Na ce, "Baba, ban tambaya ba."

Ya ce, "Kin je har Gwaram ba ki tambayi ƙasar mutum ba? Me aka koya miki a gidan nan?" Ya ɗaga murya ya kira Inna ya ce a kawo masa ruwa ya wanke fuska. Ya sa na kunna waya zai ba da amsa, ya fara, ya kai tsakiya ya tsaya. Ya ce a'a, ba zai yanke wa mutum hukunci a kan gonar da bai taɓa ba. Ya ce in gaya wa maigidana, in ba zai takura ba, yana son a kai shi Dingaya. Inna tana tsaye da buta a bakin ƙofa. Ta dafa kafaɗata da za ta wuce, faɗanmu ya ƙare a nan.

Layin nan bai ƙara hawa ba har yau, kuma ban ƙara jin haushinsa ba. Nakan yi wa mai turin nan addu'a, shi da ya mayar da muryar ubana gyara. Na fi yi wa siririn nan mai keke, wanda ya ƙi jin tausayin Baba a lokacin da duk mu muka kashe shi da tausayi.

Ranar da muka je Dingaya da Baba, maigidana ne ya riƙe hannunsa daga mota zuwa gona, yana sunkuyar da kai don kunyar suruki, Baba kuma yana yi masa faɗa wai yana tafiya kamar mai rakiyar amarya. Labari ya riga mu isa, mutane suka baro gonakinsu da fartanya a kafaɗa. Mai ƙorafin da ya ga Baba da gaske, makaho, da sanda, sai jikinsa ya yi sanyi, ya durƙusa yana cewa a yafe masa. Baba ya ce, "Tashi, ba gaisuwa na zo ba. Ina gonar?" Ya tsuguna da babbar rigarsa a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya damƙo ya murza, ya kai hanci. Ya shafa geron mutumin daga gindi har ganye, ya sa aka kai shi na maƙwabcin ya shafa. Ya ce na maƙwabcin ya fi tsayi, amma a taɓa kaurin karan nan a ji, a bari a ga ranar girbi. Mutumin ya manta da ladabin da ya fara, ya ce tsayi dai tsayi ne. Suka kaure da musu, jama'a suka rabu biyu, rana tana ta yi babu wanda ya nemi inuwa.

Daga ƙarshe mutumin ya ce, "Ni dai Malam, baɗi binne zan yi."

Baba ya ce, "Yi mana. Allah ya kai mu baɗin, zan dawo in taɓa da hannuna."

Tun da idonsa ya tafi ban taɓa jin ya ambaci baɗi ba. Na zagaya bayan mota na zauna a ƙasa, na rufe fuska da mayafi na yi kukana, ina jiyo shi can yana tambayar wanda ya yi wannan huɗar a karkace.